Magani ya cuce ni sau biyu, na ajiye shi ba wanda ya sani

Anti, barka da ƙoƙari. Shekarata 31, ina da ɗa ɗaya, na yi ɓari biyu a bayansa. Bayan ɓari na biyu aka yi mini gwajin jini, aka maimaita bayan wata uku, aka ce ina da wata cuta da ba kasafai ake samunta ba, wai APS, mai sa jini daskarewa. Gwaje-gwajen guda uku ne, duka ukun sun nuna.

Wata biyar da suka wuce ƙafata ta hagu ta kumbura, numfashina ya riƙa sarƙewa. Aka ce jini ne ya daskare a jijiyar cinya, wani gudan ya tafi huhu. Aka kwantar da ni, aka sa mini hefarin a ƙarin ruwa, aka fara ba ni ƙwayar warfarin, dukansu magungunan tsinka jini ne. A kwana na takwas hannuna ya kumbura shi ma, aka ce wani gudan jinin ne sabo, kuma wasu ƙwayoyin jinina sun faɗo daga 240 zuwa 70. Nan take suka cire hefarin, suka tsayar da warfarin, suka sa wani ruwan daban. Sai da na yi kusan wata a kwance. Suka ce hefarin ɗin ne ya jawo. Daga baya suka mayar da ni kan warfarin, suka sallame ni.

Watan jiya haƙori ya dame ni, aka rubuta mini Flagyl, ni kuma na ƙara da daikulofenak saboda zogi. Ba a yi mako ba dasashina ya fara jini, ga haɓo, al'adata ta yi kwana goma sha biyu kamar an buɗe famfo. Gwajin INR, mai auna yadda jini ya tsinke, ya nuna 7. Aka ba ni bitamin K, aka ce in huta kwana biyu in ci gaba. Na ci gaba na mako guda, sai tsoro ya ci ƙarfina. Yau kwana tara ban sha ba. Kullum dare maigidana ya miƙo mini, in yi kamar na haɗiye, in jefa a aljihun jaka. Mahaifiyata ta ce da ma ta ji maganin ɓera ne. Wata ƙawata kuma ta ce in koma wani maganin tsinka jinin, Xarelto, ba gwaji ba wahala. Anti, ina ganin jikina ne ba ya karɓar magani. Kuma ina son in sake haihuwa. Me zan yi?

Wata baiwar Allah

*

Ƙanwata, zan fara da abin da ba ya jira, sauran maganar mu yi ta a tsanake. Yau ɗin nan za ki je wurin likitan da ke duba jininki, ko ki kira shi, ki ce masa: “Kwana tara ban sha warfarin ba.” Kada kunya ta sa ki rage kwanakin, kada ki ce mantuwa ce. Idan aka daina warfarin, cikin kwana huɗu zuwa biyar jini ya koma yadda yake tun farko. Ke nan kin yi kwanaki kina yawo ba kariya, alhali cutar da ke jikinki aikinta ke nan ɗaure jini, kuma ta riga ta nuna miki tana iya kaiwa huhu. Na yarda kin ji sauƙi, haɓo ya tsaya, al'ada ta lafa. Sai dai gudan jini ba ya sallama kafin ya shigo. Idan tun kafin ki isa wurin likita kika ji ƙafa ko hannu ya kumbura yana zafi, ko haki ya taso miki kina zaune, ko ƙirji ya soke ki, ko tari ya fito da jini, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko wani sashen jiki ya mutu, to ba layin ganin likita za ki bi ba, sashen gaggawa za a kai ki.

Kada kuma ki ce bari ki gyara ɓarnar a ɓoye, ki zazzage jakar ki haɗiye biyu ko uku don ki rama kwanakin da suka wuce. Dalili yana nan. Warfarin yana hana hanta sarrafa bitamin K, hanta kuma da bitamin K take ƙera sinadaran da ke daskarar da jini. Amma da shi take ƙera wani sinadarin da aikinsa shi ne taka wa daskarewar birki, ana ce masa furotin C. Shi furotin C cikin 'yan sa'o'i yake raguwa a jini, alhali babban mai daskararwar sai ya yi kusan kwana uku kafin rabinsa ya tafi. Don haka a kwanakin farko na shan warfarin, birki ne ke fara lalacewa, mota kuma tana kan gudu. Shi ya sa ake haɗa shi da allurar tsinka jini na aƙalla kwana biyar, har INR ya shiga inda ake so. Ga yawancin mutane allurar nan hefarin ce. Ke kuwa an rufe miki wannan ƙofar, sai likita ya zaɓo wata. Kuma tunda kina neman haihuwa, ki ce a yi miki gwajin ciki kafin a mayar da ke kan maganin.

Yanzu mu zo kan maganarki cewa jikinki ba ya karɓar magani. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, ba mai ganin laifinsa. Amma abu biyu ne suka same ki, kika ɗaure su a ƙulli ɗaya, alhali ba uwa ɗaya ba uba ɗaya.

Na farkon, wanda ya faru kina kwance, likitoci na kiransa HIT. Ƙwayoyin da aka ce sun faɗo su ne filatilet, ƙananan ƙwayoyin jinin da ke ruguwa su toshe rauni idan mutum ya yanke. Lafiyayyen mutum yana da 150 zuwa 450 a ma'aunin da ake rubutawa a takardar gwaji. Su filatilet suna sakin wani furotin mai suna PF4. Idan hefarin ya shiga jini yakan manne da shi. A jikin wasu mutane ƙalilan, garkuwar jiki sai ta kalli wannan haɗin ta ga baƙo, ta ƙera makamai ta kai masa hari. Makaman nan ba kashe filatilet kawai suke yi ba, zuga su suke yi, su riƙa curewa da juna a cikin jijiya ba rauni ba komai. Adadinsu a takardar gwaji ya faɗi saboda an cinye su wurin gina gudaji. Shi ya sa lamarin ke ɗaure wa mutane kai: maganin tsinka jini ne ya kawo daskarewa, ƙwayoyin toshe rauni sun ragu amma mutum ba zubar da jini yake yi ba.

Garkuwar jiki tana buƙatar lokaci kafin ta ƙera makaman, shi ya sa abin ke bayyana tsakanin kwana biyar zuwa goma da fara hefarin. Naki ya zo a na takwas, ƙwayoyin kuma suka faɗi fiye da rabi, ga sabon gudan jini. Kamar an kwafo daga littafi. A wasu rukunin marasa lafiya bai kai mutum ɗaya cikin ɗari da ke gamuwa da shi ba, a wasu, musamman waɗanda aka yi wa babbar tiyata, yakan kai kusan biyar cikin ɗari. Hefarin na asali, irin wanda aka sa miki a ƙarin ruwa, ya fi jawo shi nesa ba kusa ba a kan ƙaninsa da ake yi a fatar ciki, irin su Clexane. Ba wani gwaji da za a yi wa mutum tun kafin a fara a ce wannan zai same shi. Abin da ke hannun likita shi ne ya riƙa ƙirga filatilet a waɗannan kwanakin, in ya ga sun faɗi ya yi maza.

Kuma daga yadda kika ba da labari, mazan suka yi. Na san a kan gado abin ya yi kama da ruɗewa: a cire wannan, a tsayar da wancan, a rataya wani ruwan. Amma cire hefarin kaɗai ba ya wadatarwa, domin wutar ta riga ta kama. An lura cewa idan aka cire shi aka bar mutum haka, kusan rabin masu HIT sukan sami gudan jini cikin wata guda. Dole a maye gurbinsa da wani mai tsinka jinin da ba dangin hefarin ba, irin su argatiroban ko bibalirudin ko danafaroid ko fondafarinuks. Tsayar da warfarin kuwa, kin tuna zancen birki? A tsakiyar HIT, in aka bar warfarin ya rushe furotin C, ƙananan jijiyoyin ƙafa ko hannu na iya toshewa gaba ɗaya har gaɓar ta mutu. Ana jira ne sai filatilet sun dawo wajen 150 kafin a sake fara shi a hankali. Watan da kika yi a kwance, wannan jiran na cikinsa.

Inda nake ganin an gaza miki shi ne bayani. Mace ta yi wata a asibiti, a sallame ta da kalma huɗu, “hefarin ne ya jawo”, ba wanda ya ja kujera ya zauna minti goma ya warware mata. Wanda ba a yi wa bayani ba zai yi wa kansa, kuma bayanin da mutum ke yi wa kansa da tsakar dare ba ya zuwa da daɗi. Kina da haƙƙin ki nemi a zauna da ke, da fayil ɗinki a buɗe.

In kun zauna, ga tambaya ɗaya da ba kowa zai tuna miki ba: da wane gwaji aka tabbatar da HIT ɗin? Gwajin farko da aka fi yi yana neman makaman garkuwar ne kawai, kuma a jikin masu APS yakan nuna akwai ko da babu, ita APS ɗin ma da kanta takan rage filatilet. Akwai gwaji na biyu, mai wuyar samu, wanda ke duba ko makaman suna zuga filatilet da gaske idan an kawo hefarin. Ban faɗi haka don ki yi shakkar abin da aka gaya miki ba, labarinki ya yi kama da HIT sosai, kuma har sai likitan jini ya ce akasin haka, ki ɗauka shi ne. Na faɗa ne saboda amsar za ta yi amfani ranar da ake tsara miki goyon ciki.

Makaman HIT ba sa zama har abada, galibi cikin wata uku ko makamancin haka sun ɓace daga jini. Amma hukuncin ko za a taɓa sake kusantar da ke da hefarin na likitan jini ne shi kaɗai, a yanayi na tilas kamar tiyatar zuciya. Ke naki shi ne ki sa a rubuta miki kati da harshen asibiti, mai ɗauke da abu uku: kina da APS, kin yi HIT a wata kaza na shekara kaza, kina shan warfarin. Ki sa shi inda hannu zai fara kaiwa a jakarki, ki ɗauki hotonsa a waya, maigida ma ya ɗauka. Hefarin yana ɓuya a wuraren da ba a zato. Akwai asibitocin da ke wanke robar ƙarin ruwa da shi don kada ta toshe, ana sa shi a injin wankin ƙoda, akwai bututun jijiya da ake shafe cikinsa da shi. Har wani maganin gaggawa da ake ɗura wa mai shan warfarin idan jini ya ɓalle, wasu nau'o'insa da ɗan hefarin a ciki. Nas ɗin da ta zo da sirinji da ƙarfe biyun dare ba lallai ta karanta fayil ba. Ki buɗe baki ki tambaya, “Akwai hefarin a ciki?” Ba rashin kunya ba ne.

Abu na biyu, zubar jinin watan jiya, labarinsa daban. Wannan ba garkuwar jiki ba ce, ba kuma wani ɓoyayyen hali na jininki ba. Karo ne tsakanin magunguna, kuma sananne ne, duk wanda ya san warfarin ya san shi. Hanta ce ke narkar da warfarin ta fitar da shi. Flagyl, wato metronidazol, yana riƙe hannun hantar, sai warfarin ya taru, ƙwaya ɗaya ta yi aikin biyu ko uku. Daikulofenak kuma ya zo ta wata ƙofar: ya sanyaya filatilet, ya kuma ƙwarzane bangon ciki. INR ɗin lafiyayyen mutum 1 ne. Ke ana son naki tsakanin 2 da 3, wato jininki ya ɗauki ninki biyu zuwa uku na lokacin da ya saba kafin ya daskare. Ya kai 7. Kin yi sa'a da abin ya tsaya a dasashi da hanci da al'ada.

Ban sani ba ko wanda ya rubuta Flagyl ɗin ya tambaye ki abin da kike sha, ko ke kika ga ciwon haƙori ba ruwansa da ciwon ƙafa kika yi shiru. Ko wanne ne, daga yau ke za ki fara faɗa tun ba a tambaya ba, ga likitan haƙori, ga likitan mata, ga mai ba da magani. Ba Flagyl kaɗai ke da wannan hali ba. Septrin yana yi, fulukonazol da mata ke sha don ƙaiƙayin gaba yana yi, har man maikonazol da ake shafawa a baki, da eritiromaisin da sifurofuloksasin, da amiyodaron na daidaita bugun zuciya. Wasu kuma akasin haka suke, su sa hanta ta yi gaggawar zubar da warfarin har ya zama kamar ba a sha ba: rifamfisin na tarin fuka da kabamazefin na farfaɗiya su ne kan gaba. Ba cewa aka yi ba za ki taɓa shan ɗaya daga cikinsu ba. In ya zama dole, sai a duba INR bayan kwana uku zuwa biyar a daidaita ƙwayar. Ibufurofen da daikulofenak dai ki yi musu sallama, asfirin ma sai in likitan jininki ne ya sa da kansa. Don zogi, farasitamol ya fi aminci, shi ma in za ki yi kwanaki kina shansa da yawa ki faɗa, domin yana iya ɗaga INR. Jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin ƙarin kuzari da ba a san abin da ke cikinsu ba, ki bar su, ba don raini ba, don ba wanda zai iya gaya miki ta wane ɓangare za su karkatar da awon.

Za ki ji ana cewa mai shan warfarin ya daina cin ganye saboda bitamin K. Ba haka ba ne. Abin da ake so shi ne daidaito, kada wannan mako ki ci tuli, mako mai zuwa ko ƙyas. Gudawa, amai, zazzaɓi ko rashin cin abinci na kwanaki su ma suna motsa INR, su ma dalilin zuwa gwaji ne. Ki riƙa karanta lambar miligiram a jikin kwalin, kada ki dogara da launin ƙwaya, don kamfanoni sun bambanta. In kin manta kika tuna a ranar, ki sha. In sai washegari kika tuna, ki sha na ranar kaɗai, ki rubuta a littafin gwajinki. Haɓon da ya wuce minti goma kina matse hanci, bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, fitsari ja, aman jini, ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya, ko buguwa a ka ko da ba ki ga rauni ba, waɗannan na gaggawa ne.

Zancen al'ada kada ki haɗiye shi. Mata da yawa a nan suke karaya da maganin tsinka jini, su daina a ɓoye kamar yadda kika yi, saboda likita namiji bai tambaya ba su kuma sun ji nauyin faɗa. Ki faɗa. A duba ko jininki ya yi ƙasa, a ba ki sinadarin ƙarfe in ana buƙata. Akwai hanyoyin rage zubar, ciki har da robar mahaifa mai sakin hormon a hankali. Ƙwayoyin tazarar haihuwa masu istirojin kuwa an hana mai APS, domin su kansu suna ƙara daskarewa.

Mama ba ta yi ƙarya ba, ki gaya mata na ce haka. A shekarun 1920 shanu suka riƙa mutuwa da zubar jini a arewacin Amurka da Kanada bayan sun ci wata ciyawa da ta ruɓe. Wani masanin sinadarai a jami'ar Wiskonsin, Karl Paul Link, shi da ɗalibansa suka gano sinadarin da ke ciki, daga nan aka ƙera warfarin, aka fitar da shi a 1948 a matsayin maganin ɓera. A 1954 aka amince a ba mutane, a 1955 aka ba shugaban Amurka Eisenhower bayan ciwon zuciya ya kama shi. Ɓera ci yake yi ba awo har jini ya ɓalle masa. Ke ana auna miki da miligiram, ana duba jininki, kuma akwai makarinsa, wanda ke da kanki kin ga aikinsa ranar da aka ba ki bitamin K. Shekara saba'in ana amfani da shi, an san halinsa ciki da bai, har da miyagun halayen.

Shawarar ƙawarki ce ta fi tayar mini da hankali, domin tana da kamar gaskiya. Xarelto, wato ribaroksaban, da 'yan'uwansa sun sauƙaƙa wa miliyoyin mutane rayuwa, ba yawan gwaji, ba yawan karo da abinci. Ga wanda jininsa ya daskare bayan tiyata ko doguwar jinya, sau da yawa su ake fara zaɓa. Har masu HIT ana ba wasu. Amma ke ba HIT kaɗai gare ki ba. A Italiya an gwada shi a kan masu irin cutarki sak, waɗanda gwaje-gwajensu uku duka suka nuna kuma suka taɓa samun gudan jini. Mutum 120 aka raba gida biyu, 59 kan ribaroksaban, 61 kan warfarin. Ba a kai ƙarshen binciken ba aka tsayar da shi. A ɓangaren ribaroksaban mutum huɗu sun sami shanyewar ɓarin jiki, uku bugun zuciya, huɗu zubar jini mai tsanani. A ɓangaren warfarin ba wanda ya sami sabon gudan jini, biyu ne suka zubar da jini. An wallafa sakamakon a 2018, a 2019 hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta gargaɗi likitoci da su guji irin waɗannan magungunan ga masu APS da suka taɓa samun daskarewa, musamman masu gwaji uku. Ƙawarki da kyakkyawar niyya ta faɗa, wataƙila ita ko wani nata yana sha lafiya lau. Gudun gara ne za ki faɗa gidan zago.

Ita APS sai a 1983 wani likita a Landan, Graham Hughes, ya tattara alamominta ya bayyana ta a matsayin cuta guda, don haka kada ki yi mamaki in kin haɗu da ma'aikacin lafiyar da bai taɓa riƙe mai ita ba. Wannan ma dalili ne na ki manne wa likitan jini ɗaya. Ki kuma tambaye shi ko na'urar gwajin INR ta ɗan yatsa ta dace da ke, don a jikin wasu masu APS takan ba da lambar da ba daidai ba, sai an ɗebi jini daga jijiya.

Haihuwa kuma, ina miki fatanta, kuma ba abin da kika faɗa da ya rufe ƙofar. Mata masu APS da yawa sun yi ɓari a jere, aka gano cutar, aka riƙe su da magani, suka haihu lafiya. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Warfarin yana ratsa mabiyiya, kuma tsakanin mako na shida da na goma sha biyu yana iya lalata ƙashin hanci da sauran ƙasusuwan ɗan tayi, don haka ana sauya shi da zarar ciki ya tabbata, kafin mako na shida. Xarelto ma ba a ba mai ciki. Abin da aka saba ba mai APS in ta sami ciki shi ne allurar hefarin ta fatar ciki da ƙaramin asfirin. Kin ga inda gizo ke saƙar. Ke sai an nemo miki danafaroid ko fondafarinuks, kuma ba ko'ina ake ajiye su ba, sai an san inda za a same su na wata tara tun kafin a fara. Wata biyar kacal da gudan jini a huhu, jiki bai gama murmurewa ba. Ki ba shi lokaci, ki nemi likitan jini da likitan mata su zauna kan maganarki tare, su ba ki hanyar tazara da ta dace da ke har ranar da za su ce bismillah. Bayan haihuwa ana komawa warfarin, kuma ba ya hana shayarwa.

Saura maigida. Mutumin da ke tuna lokacin maganinki kullum dare, ya ɓallo ƙwayar ya miƙo miki da ruwa, shi ma ya tsorata a watan nan da kika yi a kwance, ta wannan hanyar yake kwantar da hankalinsa. Zai ji zafi in ya sani, wataƙila ya yi faɗa. Gara ya ji daga bakinki yau da ya ji daga bakin likita a sashen gaggawa, ana tambayarsa ko kina shan magani yana rantsuwa cewa da hannunsa yake ba ki. Rantsuwar nan tasa tana iya sa a yi miki maganin da bai dace ba, don za a ɗauka warfarin ne ya kasa. Ba sai kin yi dogon jawabi ba. Ki buɗe aljihun jakar ki nuna masa, ki ce, “Tsoro nake ji, ka raka ni.” Mama kuma, in da hali, a tafi da ita ganin likita ko sau ɗaya, ta yi tambayarta ta ɓera da bakinta ta ji amsa. Uwar da ta ga 'yarta na zubar da jini kwana goma sha biyu ba da gardama ake sauya mata ra'ayi ba.

In kuma kika ga ko bayan an yi miki bayani hannunki na rawa duk lokacin da kika ɗauki ƙwayar, ko barci na gagararki, ko warin asibiti kaɗai na sa gabanki faɗuwa, ki faɗa wa likita wannan ma da sunansa. Yana faruwa ga waɗanda suka yi doguwar jinya mai firgitarwa, kuma akwai masu taimakawa a kai. Ki roƙi a riƙa yi miki INR kusa-kusa a makonnin farko, ko sau biyu a mako, ki riƙa ganin lambar da idonki kina rubutawa.

In za ki fita, ki ɗauki takardar sallamarki, da littafin INR, da kwalin Flagyl da na daikulofenak in suna nan, da ƙwayoyin nan tara na aljihun jaka, ki zube su a kan teburin likita. Allah ya ƙara sauƙi. Ki rubuto mini in kin dawo, ina son in ji allurar da suka zaɓa miki da lambar da gwajin farko ya nuna.